Ranar Tsuntsun Fengwin a Gida: Wace Rana da Wane Wasa Suka Fi Dacewa da Yaranku

Fengwin tsuntsu ne mai baƙin baya da farin ƙirji. Yana tafiya a tsaye yana rangaji kamar yaron da ya fara tatata, ba ya iya tashi sama, amma in ya shiga ruwa sai kifi ya yi da gaske kafin ya tsere masa. Nau'insa kusan 18 ne, kuma dukansu mazauna kudancin duniya ne, in ban da na tsibiran Galafagos da ke zaune daidai kan layin da ya raba duniya biyu. An ware masa ranaku biyu a shekara, 20 ga Janairu da 25 ga Afrilu. Ta Afrilun ita ce aka fi sani, ana kuma danganta ta da lokacin da fengwin nau'in Adeli ke fara ƙaura zuwa arewa, kamar yadda masu bincike a tashar McMurdo ta Amurka da ke Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, suka lura. Ba idi ba ne, ba kuma hutun aiki ba ne. Ranaku ne na ilmantar da mutane game da tsuntsun da halin da yake ciki, don haka iyali na iya ɗaukar awa biyu da yamma su yi abin da yara za su daɗe suna tunawa.

Yawancin shawarwarin da ake bayarwa kan wannan rana an tsara su ne don gidan da firij ba ya mutuwa, zafin ɗaki kuma ba ya haura digiri 22. Gidan da ke Kano, Maraɗi ko Garwa sai ya yi nasa lissafin. Abubuwa uku za su yanke muku hukunci: yanayin watan da kuka zaɓa, shekarun yaranku, da ko kuna da ƙanƙara a hannu.

Janairu ko Afrilu

20 ga Janairu tsakiyar hunturu ne. Da asuba sanyi kan sauka ƙasa da digiri 15 a yawancin ƙasar Hausa, iska na kaɗawa, yara da kansu suna takurewa wuri guda. Duk abin da ya shafi riƙe ɗumi zai fito fili a wannan wata, kuma cakulan da bota ba sa saurin narkewa. Illarsa ita ce makaranta na ci, kuma ba lokacin jiƙa yara da ruwan sanyi ba ne, ga mura ga kaushi.

25 ga Afrilu kuwa ƙuryar bazara ce, zafi na kai wa digiri 40. Sau da yawa takan faɗo cikin hutun makaranta ko dab da komawa, kuma yara za su yi maraba da duk wasan da ke da ruwa a ciki. Sai dai ƙanƙara na tsada a lokacin, tana narkewa kafin a gama bayani, duk wani abinci mai maiƙo kuma yana sakewa. In gidanku wuta ba ta zama, Janairu ya fi muku nesa ba kusa ba, domin mafi kyawun gwajin da za a bayyana a nan ruwan ɗumi kawai yake buƙata. In kuwa kuna da firij mai aiki ko mai sayar da ƙanƙara a maƙwabta, Afrilu zai ba ku damar abubuwan da Janairu ya hana.

Gwaje-gwaje uku, da wanda ya fi

Na farko shi ne gwajin kwalabe, kuma shi muke fifitawa. Tushensa halin babban fengwin ne da masana suka laƙaba wa suna sarkin sarakuna, wanda ke hayayyafa a tsakiyar sanyin Antatika, lokacin da sanyi ke kai wa digiri 40 ƙasa da sifili. Macen takan sa ƙwai ɗaya ta miƙa wa namijin ta tafi teku neman abinci. Shi kuma ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa, ya rufe shi da fatar cikinsa, ya tsaya haka kimanin kwana 65 ba ci. Abin da ke ceton mazan shi ne cunkushewa wuri guda, daruruwa ko dubbai, suna matsawa a hankali, na gefe ya samu shiga ciki, na ciki ya fito gefe. A tsakiyar cunkoson ɗumi kan haura digiri 30.

Ku nemo gorar ruwa takwas masu rabin lita, iri ɗaya, da murafensu. Ku haɗa ruwan ɗumi lita huɗu a bokiti guda: kashi ɗaya tafasasshe, kashi biyu na randa. Wannan zai ba ku kusan digiri 48, yaro na iya taɓa gorar ba tare da ya ƙone ba. Ku cika su duka daga wannan bokitin, a jere ba tare da jinkiri ba. Ku tsayar da ɗaya a tsakiya, shida su kewaye ta, za ku ga shidan sun zagaye ta cif babu gurbi, sai ku ɗaure su da robar taya ko igiya. Ta takwas ku ajiye ta ita kaɗai, taku biyu daga sauran. A bar su a inuwa inda iska ke bugawa tsawon minti 25 zuwa 30. Daga nan yaro ya kara gorar tsakiya a kumatunsa, sannan ta gefe, sannan wadda ta tsaya ita kaɗai.

Abubuwan da ke ɓata wannan gwaji sanannu ne. In aka zuba tafasasshen ruwa kai tsaye, robar za ta motse, gorar ta karkace, ga haɗarin ƙuna. In aka cika wasu aka tafi ɗauko murfi aka dawo, to tun farko ɗuminsu ya bambanta, sakamakon ya zama banza. In rana ta taɓa gorar da ke ita kaɗai, za ta iya fin ta tsakiya ɗumi, yara su ɗauki darasin a baibai. Ma'aunin zafin jiki na asibiti ba zai yi amfani da farko ba, domin iyakarsa kusan digiri 42 ne. A Afrilu gwajin na yin rauni sosai, saboda ruwa mai digiri 48 ba shi da inda zai zubar da ɗuminsa a iskar da ita ma ta kusa 40. In dole sai a watan za a yi, a yi shi bayan sallar asuba a gaban fanka.

Na biyu shi ne safar kitse, wato safar hannu ta leda mai maiƙo a ciki. Gashin fengwin ne ke yin babban aikin tare sanyi, amma a ƙarƙashin fatarsa akwai kitse mai kauri da ke taimaka masa a cikin ruwa, yana kuma ciyar da shi lokacin dogon azumin kwanci. Ana buƙatar leda mai kauri guda huɗu, bota ko man kaɗanya giram 400 zuwa 500, salatif mai faɗi, da bokiti mai ruwa lita uku da babban ƙullin ƙanƙara. A zuba man a leda ɗaya, a cusa leda ta biyu a cikinta, a sa hannu a baje man har ya kewaye ledar ciki da kaurin yatsa ko'ina, musamman ƙasa inda yatsu za su tokare. A naɗe bakin ledojin biyu tare a manne da salatif. Sauran ledoji biyun a haɗa su haka nan ba mai. Yaro ya sa hannu ɗaya a mai kitse, ɗaya a marar kitse, ya tsoma su tare.

Wannan leda marar mai tana da muhimmanci. Mutane da yawa kan sa hannu tsirara a gefe guda, sai yaro mai wayo ya ce ai ledar ce ta tare sanyin, kuma ba za a iya musa masa ba. Tsakanin mayukan, bota ta fi sauƙin bajewa amma tana sakewa da wuri a zafin Afrilu, ta taru a ƙasan leda, gefe ya rage ba komai. A ajiye ta a sanyi sai lokacin amfani. Man kaɗanya ya fi jure zafi, bayan an gama kuma a mayar da shi mazubinsa a ci gaba da shafawa, babu asara. Kitsen saniya da aka soya aka tace ya fi araha, sai dai yana ƙanƙarewa a ruwan sanyi ya tsattsage, sanyi ya bi ta tsagar. Man gyaɗa ba ya yi ko kaɗan, domin yana gudu daga inda aka matsa.

Kada hannun da ba kitse ya wuce daƙiƙa 20 a ruwan. Yaron da ke da sikila kuwa kada ya tsoma hannu sam, domin sanyi mai tsanani na iya tayar masa da ciwo. A ba shi agogo ya zama mai ƙirga lokaci da rubuta sakamako. Gidan da ke da mai sikila, gwajin kwalabe ya ishe su.

Na uku shi ne gwajin gashi da mai, kuma shi ne mafi nauyin darasi, ya fi dacewa da 'yan shekara takwas zuwa sama. A nan ne labarin ya iso nahiyarmu, domin Afirka na da nata fengwin a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya. Tsawonsa santimita 60 zuwa 70, kukansa kamar na jaki, ɗigon baƙi da ke ƙirjin kowanne kuma daban yake da na ɗan'uwansa. A watan Yuni na 2000 wani jirgin dakon ma'adinai mai suna Treasure ya nutse tsakanin tsibirin Dassen da tsibirin Robben, inda aka taɓa tsare Nelson Mandela. Man da ya malala ya ɓata tsuntsaye kusan 19,000. Cibiyar SANCCOB mai ceton tsuntsayen teku ta birnin Kef Tawun da dubban 'yan sa-kai suka wanke su ɗaya bayan ɗaya, galibinsu kuma suka rayu aka mayar da su teku. Duk da haka yawansu ya ci gaba da raguwa, musamman saboda ƙarancin ƙananan kifayen da suke ci irin su sadin, har a watan Oktoba na 2024 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su a rukunin halittun da ke dab da ƙarewa.

A samo gashin fiffiken agwagwa guda uku. Na kaza ma zai yi, amma na agwagwa ya fi nuna abin da ake so, tunda ita ma kamar fengwin tana da wata 'yar jakar maiƙo a gindin wutsiya da take ɗiba da baki tana gyara gashinta. A ɗiga ruwa a kan gashi na farko, za a ga ya dunƙule ya gangare. Na biyu da na uku a tsoma su a cokali biyu na man gyaɗa da aka dama da ɗan garin gawayi don ya yi kama da ɗanyen mai. Kada a yi amfani da baƙin man inji, guba ne ga fatar yara. Na biyun a wanke shi da ruwa zalla, ba zai fita ba. Na ukun a wanke shi da ruwan ɗumi da ɗigo biyar na sabulun wanke-wanke, man zai fita. Sai a ɗiga masa ruwa nan take: ruwan zai shige cikinsa ya jiƙa shi sharkaf, domin ragowar sabulu na hana ruwa dunƙulewa, zarurrukan gashin kuma sun wargaje. Sai an ɗauraye shi sau huɗu ko biyar, ya bushe, an shafa shi da yatsu daga gindi zuwa sama zarurrukan sun sake kama juna, sannan zai fara korar ruwa. Nan yaro zai gane dalilin da ya sa ba a mayar da tsuntsu teku ranar da aka wanke shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne wanke gashin da sabulu tun farko don tsafta, sai matakin farko ya ƙi yi. A shanya shi a rana kawai, a wanke hannu bayan an gama. Kada a ɗauki gashin tsuntsun da ya mutu ko yake ciwo, saboda murar tsuntsaye.

In za a jera su: kwalabe sun fi araha da aminci, kowane yaro daga shekara huɗu zai iya shiga, amma akwai jiran rabin awa da sai an cike shi da wani abu. Safar kitse ta fi sa yara ihu da dariya, sakamakonta nan take ne, amma ita ce mai tsada. Gashi da mai ba ya ruwansa da wata ko wuta, sai dai ƙanana kan gaji kafin a kai ƙarshe.

Wasannin motsa jiki

Wasan ɗaukar ƙwai shi ne abokin gwajin kwalabe, domin tsuntsu ɗaya suke bayani a kai, kuma yana cike rabin awan jiran nan daidai. Kada a yi amfani da ƙwallo, tana mirginewa tun taku na farko, yara su karaya. A zuba gwangwanin madara biyu na shinkafa ko wake a tsohuwar safa a ƙulle bakinta. Tana zama a kan ƙafa, tana kuma faɗuwa in aka yi gaggawa, abin da ake so ke nan. Ƙwan gaske na sarkin sarakuna ya kusa rabin kilo, to manyan yara a ƙara musu gwangwani ɗaya. A ja layi biyu da tazarar mita uku. Yaro ya haɗe ƙafafunsa, a ɗora masa safar a bayan ƙafa kusa da idon sawu, hannuwa a manne da cinya, ya ja ƙafa har layi na biyu inda abokinsa ke jira. Nan ne wahalar take: sai ya miƙa ƙwan daga ƙafarsa zuwa ta abokin ba tare da hannu ba. A wajen tsuntsayen ma nan ne ake asarar ƙwai, domin in ya faɗi kan ƙanƙara ya jima kaɗan, ɗan da ke ciki ya mutu. Ku sa doka: in ya faɗi a ƙirga goma, in ba a mayar da shi ƙafa ba an fita.

A yi shi ba takalmi, a kan siminti ko ƙasa. Silifas na karkatar da safar, tabarma a kan tayil kuma na zamewa. Masu doguwar riga ko zane su ɗage shi zuwa ƙwauri don alƙali ya ga ko ana maguɗi. 'Yan ƙasa da shekara huɗu ba za su iya ba, a sa musu safar tsakanin gwiwoyi, rangajin zai fito da kansa.

Wasan neman murya ba ya cin ko sisi, amma yana son mutane, aƙalla shida. Idan uwar fengwin ta dawo daga teku cikin dubban tsuntsaye masu kama ɗaya, da murya take gane mijinta, daga baya kuma da murya iyaye ke gane ɗansu. A raba yara bibbiyu, kowane biyu su ƙirƙiro kukansu a asirce. A ɗaure wa "iyaye" ido da ɗankwali, "'ya'ya" su watsu a tsakar gida su tsaya cak, kowa ya fara kukansa lokaci guda. Sai an kawar da murhu, turmi da bokitai, an rufe rijiya, babba ɗaya kuma ya tsaya ido buɗe. Idan yara uku ne kawai a gidan wasan ba ya armashi, domin babu hayaniyar da za ta rikita kunne. Gidan yawa ko ranar da 'ya'yan maƙwabta suka shigo, babu wasan da ya kai shi.

Akwai kuma na tsakuwa. Fengwin Adeli da Jentu da ƙananan duwatsu suke gina sheƙa, suna kuma sace na juna in mai shi ya juya baya. A watsa tsakuwa 40 a tsakar gida, kowane yaro ya zana da'irarsa, ya ɗauko ɗaya-ɗaya, an yarda a ɗebi na wanda ya bar sheƙarsa ba tsaro. Minti uku ya isa. Yana da daɗi ga 'yan shekara bakwai zuwa goma, amma yakan ƙare da kuka in akwai ƙarami a ciki, mai rarrafe kuma zai kai tsakuwa baki.

Zamiya da ciki a kan leda mai ruwa da sabulu, don kwaikwayon yadda fengwin ke sulalewa a kan ƙanƙara, ba mu ba da shawararta ba sai ga mai ciyawa ko yashi mai laushi. A kan siminti haɓa ce ke fara isa ƙasa.

Aikin hannu

Zaɓi biyu ne. Ko dai a yi ɗan fengwin da gora, ko a auna tsawon tsuntsayen a bango. Na gora: a zuba yashi kashi ɗaya cikin uku don ta tsaya, a sanya mata baƙar safa daga sama, a yanka farin ƙyalle ko takarda kamar ƙwai a manna a gaba, baki da ƙafafu kuma daga kwali. Safa ta fi fenti, domin fentin ruwa na yara ba ya kama roba, yana bushewa ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. In ana son fentin dole, a dama shi da farin gam rabi da rabi. Kada a ba yara gam mai kamawa nan take, yatsu yake fara mannewa.

Awon bango ya fi koyarwa, ya kuma dace da gidan da ba a son ƙera siffar mai rai. Da alli ko gawayi da tef ɗin tela, a ja layi a santimita 33 don ƙaramin fengwin na Ostareliya da Niyu Zilan, layi a 65 don na Afirka, da layi a 115 don sarkin sarakuna. Kowane yaro ya tsaya a ja nasa layin da sunansa. Ɗan shekara shida yakan tarar da cewa shi da babban tsuntsun kusan kai ɗaya suke. A haɗa da nauyi: ƙaramin kusan kilo ɗaya ne, na Afirka kusan kilo uku, wato manyan gorunan ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, babban kuma yakan kai kilo 40 kafin ya fara azumin kwanci.

Abin taɓawa

Ɗan fengwin na ci da aka saba gani ana yin shi da baƙin zaitun da cuku da karas. Zaitun na da tsada a kasuwanninmu, yara da yawa kuma ba sa son ɗanɗanonsa. Dabino mai laushi ya maye gurbinsa sarai. Don guda 12 ana buƙatar dabino 18, karas babba ɗaya, da awara ko cuku mai laushi kamar rabin kofi. A yanka karas zagaye-zagaye da kaurin rabin santimita, a cire ɗan yanki mai kusurwa uku daga kowanne. Abin da ya rage shi ne ƙafafu, yankin da aka cire kuma baki. A tsaga dabino 12 a tsaye a cire ƙwallon, a cusa farin a tsagar ya zama ƙirji. Sauran shidan a raba su biyu a mulmula su zama kai, a soka musu bakin karas. Tsinken sakace ɗaya zai ratsa kai da jiki ya tsaya a karas. Busasshen dabino yana karyewa wajen tsagawa, a jiƙa shi a ruwan ɗumi minti goma a tsane. Karas in ya yi siriri, tsuntsun ya kife.

Na dafaffen ƙwai ya fi ƙosarwa: a dafa minti goma, a tsoma a ruwan sanyi a ɓare, a ɗan yanke ƙasan don ya zauna, rabin dabino biyu su zama fukafukai. Na ayaba da cakulan ya fi kyan gani, shi ne kuma ya fi ba da wahala. Ayaba huɗu a raba biyu, cakulan giram 100 da cokali ɗaya na mai a narka a kwano da aka ɗora kan tukunyar ruwan zafi, a tsoma baya da saman kowace ayaba a bar gaba fari, a sa a firiza awa ɗaya. Ɗigon ruwa ɗaya in ya shiga kwanon, cakulan zai dunƙule ya zama kamar tuwo, don haka cokali da kwano su bushe ƙarau. A Afrilu minti biyar bayan fitowa daga firiza ya fara zuba. Wannan na Janairu ne, ko na gidan da wuta ta tabbata. Dabino da ƙwai ba ruwansu da firij, su ne zaɓin kowane wata. Ga 'yan ƙasa da shekara huɗu a zare tsinken, a yayyanka dabinon da karas ɗin ƙanana kafin a miƙa musu. Burodi da sadin na gwangwani ma abinci ne mai ma'ana a ranar, tunda kifin da fengwin na Afirka ke nema ke nan.

Kallo a waya

Yara da ba su taɓa ganin tsuntsun yana motsi ba za su fi fahimtar komai in sun fara da kallon minti goma. Gajerun bidiyon da aka sauke tun jiya sun fi kallon kai tsaye tabbas, domin ba ruwansu da katsewar sabis. Wasu gidajen adana halittun ruwa, kamar na Monterey Bay a jihar Kalifoniya, suna haska fengwin na Afirka kai tsaye a intanet. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa tara a Janairu, awa takwas a Afrilu, don haka safiyarsu ita ce bayan la'asar a nan. Wanda ya buɗe da hantsi dare zai tarar a can. A rage ƙarfin hoton don data ta yi auki, a kuma fara da kallon, kada a ajiye shi ƙarshe, domin in waya ta shiga hannun yaro a tsakiyar wasa da wuya ya koma tsakar gida.

Haɗa su

Gwaji ɗaya, wasa ɗaya, abinci ɗaya sun isa awa biyu. Wanda ya tara biyar zai ƙare da rabin aiki a kowanne. Gidan da ke da ƙananan yara kuma wuta ba ta zama, su ɗauki Janairu: kallo na minti goma, a cika kwalabe, a yi wasan ƙwai yayin jira, a taɓa kwalabe, a ci dabino. Kuɗin da za a kashe bai wuce na dabino da karas da awara ba. Gidan da yara suka haura shekara takwas, gashi da mai tare da labarin tsibirin Robben ya fi musu, sai wasan tsakuwa, a kowane wata. Gidan yawa a Afrilu, safar kitse da wasan murya bayan la'asar in rana ta yi sanyi, a sayo ƙanƙarar awa ɗaya kafin lokaci a naɗe ta da buhu ko tsohon bargo a inuwa. Safa ɗaya tak ta isa yara goma su yi layi, muddin ana sake baje man bayan kowane yaro biyu.

Awon bango kuwa yana shiga kowane tsari, minti goma ne. In an yi shi da alli a bangon da ruwan sama ba ya duka, a rubuta kwanan wata kusa da sunan kowane yaro. Daga Janairu zuwa Afrilu wata uku ne, yaro mai tasowa kan ƙara santimita ɗaya ko fiye, layin 115 kuma yana nan inda yake.